Kyautar da ta zama tsintuwa a Jarwal

Mun tashi da asuba zuwa filin jirgin Kano, ina ta laluben aljihu ina neman fasfo, alhali yana hannuna. Daga Jidda mota ta ɗauke mu zuwa Makka. Titi sumul, ba rami ko ɗaya. Da na rasa abin tsoro, sai na koma tsoron gudun direba.

Masaukinmu a unguwar Jarwal yake, da ƙafa ake zuwa Harami. Bayan mun kammala Umara, yunwa ta kai mu wani gidan abinci a lungu. Shinkafa da gasasshiyar kaza, faranti ɗaya ya ishe mu mu uku, farashin kuma bai kai yadda aka tsorata mu ba. Mai kawo abincin wani magidanci ne, Bahaushe haifaffen can, iyayensa ta Sudan suka shiga. Hausarsa rabi Larabci ce. Kafin ka nemi ruwa ya ajiye, kuma yadda ya yi mana haka ya yi wa wata tsohuwa da ta sayi shayi kaɗai.

Muna cikin ci, abokin tafiyata ya ce a ƙasashen Turawa masu wannan aiki da ɗan kuɗin da masu cin abinci ke bar musu suke rayuwa. Nan abincin ya fita raina. In haka ne a nan, tashi ban ba shi komai ba cin haƙƙi ne, a garin da zunubi ke da nauyi. In na miƙa masa a gaban jama'a, kada ya zama riya, ko na ci masa fuska. Sai na tura 'yan riyaloli ƙarƙashin faranti, na fice da sauri.

Washegari da muka koma, sai ga mai kawo abincin da kuɗin a ƙulle cikin leda.

"Ya Hajji, ka ɗora mini kaya! Tun jiya nake cigiya, har masaukan alhazai na leƙa."

"Ai naka ne, da gangan na bari."

"To wa ya gaya mini? Nan Makka ce, ba a ɗaukar tsintuwa sai don a nemi mai ita. Ni albashi nake karɓa duk wata. Ko ka bayar ko ba ka bayar ba, shayinka zai zo da zafinsa."

Na tambaye shi ko albashin yana isa. Ya yi dariya. "Wa albashi ya taɓa isa? Amma na san abin da zan kai gida, ba sai na auna aljihun baƙo kafin na gaishe shi ba. 'Yan'uwanmu marasa takardar zama ko wannan ba su da shi."

Na miƙa masa ledar da hannu biyu, na ce, "Kyauta ce."

"Yauwa, yanzu ta halatta," in ji shi.

Mun sauka Kano lafiya, da dabino da ruwan Zamzam. Tafiyar ta koya mini cewa damuwar da aka yi shiru da ita ba ta sauke haƙƙin kowa, a buɗe baki a tambaya. Da na koma kasuwa, na tambayi matar da ta daɗe tana kawo mana tuwo ko uwar ɗakinta tana biyanta albashi. Ta ajiye kwanon, ta dube ni. Ta ce ban da ni ba wanda ya taɓa tambayarta.