Wuƙar Hillar Sabo

Duk wanda ya san unguwar Hindawiyya a Makka ya san Munzali mai tsire, in bai san sunansa ba ya san hayaƙinsa. Da la'asar yake hura gawayi a bakin layi, direbobin tasi su tsaya su toshe hanya, shi kuwa ya yi ta yanka yana faɗa da kowa a kan yaji. Mutum ne mai baki da taurin kai, amma hannunsa a buɗe yake.

Ba a Makka aka haife shi ba. Ɗan Hillar Sabo ne, wani ƙauyen Hausawa a bakin kogi a Sudan, inda kakansu ya yada zango a hanyar Hajji da niyyar damina ɗaya, har ya rasu bai ƙarasa ba. Gidansu gidan ƙira ne. Munzali ya ga shi da zugazugi ba sa ga maciji, ya haye teku yana saurayi, ya bar wa ƙanensa Lurwanu maƙera.

Babansu ya bar musu wata al'ada. Wuƙar farko da aka ƙera bayan kaka ta babban wa ce. Shi zai gwada ta ya ce "ta ci", sannan maƙeri ya san hannunsa yana nan. Teku bai hana wannan ba. Kowace shekara masu Umara sai sun zo da wuƙa naɗe cikin tsumma, tare da ƙuli-ƙulin gyaɗar garin. Munzali ya yanki tsoka, ya ɗauki waya ya ce, "Ta ci." Lurwanu ya yi dariya. Ba su iya doguwar hira ba, wannan ce duk hirarsu.

Da yaƙi ya ɓarke a Sudan, sojoji suka kafa masana'antar harsasai a bayan gari, a kan gonakin gyaɗa. Lantarki da kwaltar da aka shekara ana yi musu alkawari, nan da nan suka iso. Samari suka jingine fartanya suka sa rigar aiki. Baƙi suka cika gari, har rumbu sai da aka mai da ɗakin haya. Babu mai kawo lauje gyara kuma, masana'anta kuwa tana neman wanda ya san ƙarfe ruwa a jallo. Lurwanu ya shiga.

A shekarar wuƙa ta zo ita kaɗai, babu ƙuli. Amma wace irin wuƙa ce. Ta ratsa nama kamar sabulu, Munzali ya yini yana nuna wa direbobi. Sannan ya kira.

"Wane irin ƙarfe ne wannan?"

"Ragowar kwanson bam ne, Yaya. Ba mu taɓa samun irinsa ba."

Munzali ya ajiye wuƙar. "Abin da ake kashe mutane da shi ka aiko mini in ciyar da jama'a a garin Ɗakin Allah? Ka kwashe iyali ka fito. Inda ake ƙera harsashi nan jirgi yake nema."

"In fita in je ina? Kai ka tafi ka bar ni da maƙera. Sai yanzu yarana suke ƙoshi." Sannan ya ce, "Ta ci ko ba ta ci ba?"

"Ranar da ka bar garin nan za ka ji."

Ya naɗe ta ya ɗora saman kabad, ya koma kan tsohuwar wuƙarsa. Matarsa Kabira ta yi ta fama da shi. "Haram alaik, Malam. Khalas, ya isa haka, ka faɗa masa ta ci, ka san jiranka yake yi." Ya ƙi. Tsoro yake ji, kuma gani yake wannan kalma ce kaɗai igiyar da zai jawo ƙanensa da ita. Lurwanu ma ɗan gidan ne, bai sake tambaya ba.

Wata la'asar wani direba ɗan yankinsu ya tsaya bai kashe mota ba, bai kuma nemi tsire ba. Ya ce an yi wa masana'antar ruwan wuta, rabin gari ya ƙone. Wasu sun ce sun ga Lurwanu a hanyar gabas da yara, wasu sun ce yana bakin aiki a lokacin. Waya ba ta shiga.

Washegari Kabira ta gan shi ya hau kujera ya sauko da tsumman. A bakin layi ya shimfiɗa nama, ya yi bisimilla ya yanka. Sannan ya goge hannu, ya danna wayar ya kai ta bakinsa.

"Lurwanu, ni ne. Ta ci. Tun ranar farko ta ci."

Saƙon ya tsaya bai shiga ba. Ya ajiye wayar gefen faranti inda zai riƙa ganinta, ya ci gaba da yanka.