Mawaƙan da Matata Ba Ta Samu Gani Ba

Mahaifiyar matata 'yar ƙasar Filifin ce. Ta zo Najeriya tana budurwa, cikin malaman da aka ɗauko don su koyar da kimiyya a makarantun 'yan mata na Arewa. Ta haɗu da wani malamin lissafi Bazazzagi, suka yi aure, ba ta sake komawa da zama ba. 'Ya ɗaya Allah ya ba su, ita ce na aura. Da ta kai shekara goma sha huɗu aka tura ta Manila wajen ƙanwar uwarta, ta yi shekara biyu a can don ta san dangi ta kuma ji yaren. Ta dawo da yaren a bakinta, da kaset huɗu na wasu samari masu kiɗan jita da ganga da suke tashe a lokacin.

A Abuja na haɗu da ita. Ina aiki a ofishin safiyo, ita kuma tana ba da magani a wani asibiti a Garki. Na je karɓo wa mahaifiyata maganin hawan jini, na tarar tana zuba ƙwayoyi a leda tana rera wata waƙa ƙasa-ƙasa. Na tambaye ta ko waƙar Indiya ce. Ta yi dariya har ta ajiye ledar, ta ce duk Bahaushen da ya ji waƙar da bai gane ba sai ya ce Indiya. Wata na gaba ni na roƙi a sake aike ni karɓo maganin.

Da muka yi aure mun fara zama a Tungan Maje, daga baya muka koma Lugbe. A gidajen nan biyu na koyi tarihin mawaƙan ba tare da na nema ba. Su huɗu ne, ɗaliban jami'a, a ɗakin kwanan ɗalibai suka haɗu. Ta ce ba su da kyan gani, gashi a hargitse, riguna kamar an kwana da su, muryar shugabansu ma ba wata murya ba ce. Amma da yaren titi suke waƙa, a kan jarrabawa, da motar haya, da abokin da aka daɗe ba a gani ba. Kafin su, in ji ta, in ka kunna rediyo ko dai waƙar Turawa ko ta soyayya mai sa barci. Bayan su kowane saurayi a unguwa ya nemi jita. Duk wata ƙungiyar mawaƙa da ta taso daga baya a ƙasar, a wajenta 'ya'yansu ne.

Ba ta taɓa ganinsu ido da ido ba. Ƙanwar uwarta mace ce mai tsauri, ba ta barin yarinya ta je wajen wasa. Kuma tana jami'a a Zariya labari ya iso mata cewa sun watse. Ta ce a shagon intanet ta karanta saƙon wata 'yar uwarta, ta fito ta zauna a bakin kwalbati, ta rasa wanda za ta faɗa wa, don babu wanda ya san su a duk garin.

Watsewar ba ta sa ta rabu da su ba, aiki ma ta ƙara mata, don yanzu mutum huɗu take bi maimakon ƙungiya ɗaya. Mai rera waƙar ya kafa wata ƙungiya, daga baya ya sake kafa wata. Mai ganga ya riƙa ajiye sandunan yana ɗaukar makirfo, yana kuma kiɗa a ƙungiyoyi barkatai lokaci guda. Mai jita mai ƙatuwar murya ya koma ɗakin ɗaukar sauti yana gyara wa yara masu tasowa faifansu, shi ta fi girmamawa, ta ce shi ne mai ilimin cikinsu. Na huɗun ya fi son bakin teku da zaman kansa, in ya ga dama ya saki waƙar da ba wanda ya gane kanta. Tana ba ni labarinsu kamar yadda mace ke ba da labarin yayyenta. Ina dawowa daga aiki in ce, ya 'yan uwanki, an ji daga gare su? Ta ce mai ganga ya fitar da sabon faifai, amma bai kai na bara ba.

Ranar Asabar da safe ne lokacinsu. Tana wanki ko tana goge tayil, kiɗan na tashi daga kicin. 'Ya'yanmu biyu, mace da namiji, sun haddace amshin waƙoƙin ba su san me suke faɗa ba. Ni ban taɓa ƙin kiɗan ba. Abin da nake yi shi ne, in na ji motar yayana ta tsaya a ƙofar gida, sai in leƙa kicin in yi mata alama da hannu ta kashe. Yayana mutum ne mai yawan magana a kan tarbiyya, kuma tun farko bai so auren ba. Takan kashe ta ci gaba da aikinta.

Mawaƙan sun taɓa sake haɗuwa sau ɗaya don yin wasa, lokacin tana jegon 'yarmu ta fari, maganar tafiya ba ta ma taso ba. Shekaru suka wuce, yara suka girma. Sai wata rana da yamma ta same ni a tsakar gida ina wanke mota, waya a hannunta, fuskarta kamar ta yarinya. An sanar za su sake hawa dandamali su huɗu, nan da 'yan watanni. Ta riga ta tsara komai. Tana da hutun da ba ta ɗauka ba, za ta sauka wajen 'yar uwarta, mako biyu kawai, ta ziyarci kabarin kakarta, ta ga wasan, ta dawo.

Na ci gaba da goge gilashi. Abin da ya zo mini a rai ba ita ba ce, yayana ne, da 'yan uwana mata a zauren hirar danginmu na waya, da yadda za a ce matar wane, uwar 'ya'ya biyu, ta haye jirgi ta tafi kallon makaɗa. Na ce mata ta bari sai wani lokaci, mu tafi gaba ɗaya da yara.

"Oga," ta ce, haka take kirana in tana so ta sassauta magana, "mutanen nan sun tsufa. Babu wani lokaci."

Na ce ai magana ta ƙare.

Ba ta yi rigima ba. Da ta yi, wataƙila da na sauko, don na saba saukowa in ta matsa. Ta shiga ciki ta ɗora abinci. Asabar ta zo, na ji tana wanki, babu kiɗa. Wata Asabar ɗin ma haka. Na lura, na kuma ce a raina fushi ne, zai wuce. Na yi niyyar in tayar da maganar, kullum ina cewa gobe.

Wata Talata aka kira ni daga asibitinsu. Ta ce wa abokiyar aikinta kanta na ciwo, ta zauna a kujera, ta sulale ƙasa. Likita ya ce jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwarta. Kwana uku tana kwance ba ta buɗe ido ba, ina riƙe da hannunta ina faɗa mata abubuwan da ban san ko tana ji ba. Ranar Juma'a da hantsi Allah ya karɓi abarsa. Bayan sallar Juma'a muka kai ta.

Surukata tana zaune a Bwari tun bayan rasuwar mijinta, a wani ƙaramin gida kusa da cocinsu, don ita ba ta bar addininta ba, kuma ba wanda ya taɓa takura mata. Tana noma kuɓewa da wata 'yar kabewa mai ɗaci a bayan gida. Shekara arba'in da wani abu tana jin Hausa, amma har yau namiji da mace duk ɗaya ne a bakinta. Kusan wata biyu da rasuwar matata ta kira ni, ta ce in kawo mata yara ranar kaza kafin azahar, ni ma in zauna, kada in ajiye su in juya.

Da muka isa ta riga ta tayar da janareta, ta haɗa waya da talabijin. A nan ta faɗa mini cewa matata, bayan na hana ta tafiya, ta yi rajistar kallon wasan kai tsaye ta intanet, ta tura wa uwarta bayanin, ta ce a Bwari za ta zo ta kalla.

"Ya ce gidanka ba ya so ya dame ka," in ji surukata.

Na fita na yi alwala, na yi azahar a barandarta, na daɗe a zaune a kan darduma. Can ƙasarsu rana ta riga ta faɗi, a nan kuwa tana tsaka. Da na shigo an fara. Wasu dattawa huɗu na gani, furfura, tabarau, ɗaya da ɗan tumbi. Na gane su ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya nuna mini, daga labarinta kawai. Mutanen da suka taru ba a ganin ƙarshensu. Ana taɓa jita sai duk filin ya ɗauki waƙar, har mai rerawar ya ja da baya daga makirfo ya bar musu. 'Ya'yana suna zaune a ƙasa suna bi, kalma bayan kalma.

Surukata ta ce ita ba ta taɓa son kiɗan nan ba, hayaniya ce, waƙoƙin zamaninsu sun fi daɗi. Tana faɗa hawaye na zuba. Sannan ta ba ni labarin da matata ba ta taɓa ba ni ba. Shekaru biyun nan na Manila ba su yi mata daɗi ba. A makaranta yara suna tsokanarta saboda launin fatarta da gashinta, ba mai zama kusa da ita, ba ta jin abin da ake cewa. Tana rubuto wasiƙa tana roƙon a zo a ɗauke ta, uwar ta ƙi, ta ce ta daure. Daga rediyon maƙwabta ta fara jin mawaƙan nan, ta riƙa rubuta kalmomin a bayan littafinta tana tambayar ma'anarsu. Ranar da wasu 'yan aji suka ji tana rera waƙar daidai, suka kira ta ta zauna cikinsu. Ranar ce ta fara yin ƙawa a ƙasar uwarta.

"Ni ma na hana shi dawowa lokacin da yana so," ta ce. "Kai ka hana shi tafiya. Mu biyu ne, ɗana."

Shekara goma sha shida ina zaune da mace, ina yi mata alama da hannu ta kashe rediyo, ban taɓa tambayar ta me ya haɗa ta da mutanen nan ba.

A hanyar komawa Lugbe ƙaramin ya yi barci a baya. Mun wuce Dutse, 'yata da ke zaune a gaba ta tambaye ni, ba ta kalle ni ba, me ya sa na hana mamanta tafiya. Na yi tunanin in ce aiki, ko makarantarsu. Na ce mata tsoron bakin mutane na ji. Ta ce, "To," ta juya tana kallon taga har muka isa gida.

A dogon hutun da ya biyo baya surukata ta ce za ta je gida, karo na farko cikin shekaru masu yawa, tana so ta tafi da jikarta. Na sa hannu a takardun ban shawarci kowa ba. Yayana ya kira ya faɗi abin da zai faɗa, na saurare shi har ya gama, na yi masa godiya. Sun yi wata guda suka dawo. Yarinyar ta ba ƙaninta labarin tafiyar tun daga farko har ƙarshe, ni kuwa turare ta kawo mini da gaisuwar dangi. Tana gaishe ni da safe, tana kawo mini abinci, ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba. Amma maganar mamanta ba ta yin ta da ni, kuma ban ga laifinta ba.