Jan Zaren 'Yar Ruwa

Ina ɗan shekara goma a Wara, abu ɗaya ke hana ni sukuni: duk abokaina fitsarinsu ya fara fita da jini, ni ko nawa fari tas. A wurinmu wannan shi ne shaidar yaro ya zama namiji. Sule, babban abokina, shi ya riga kowa, kuma kullum sai ya tsokane ni. Na ƙudura gobe da tsakar rana zan bi su wanka kwarin gabas, inda ruwan tafki ke kwanciya cikin ciyawa.

Bayan sallar isha muka kewaye murhun da kakarmu, Inna Tumba, ke banda kifi. Ban san wanda ya tsegunta mata ba.

"Maigidana," in ji ta, haka take tsokanata, "an ce tsargiya kaka nema? Ka san mi aka nuhi da sunan?"

Na ce ban sani ba. Ta gyara itace ta ɗauko tatsuniya.

Wai wata 'yar ruwa ce ke saƙa da jan zare a ruwa mai kwanciya, kuma da rana tsaka take shanya shi. Wani saurayi mai son a ce ya isa ya shiga ya tsargo sili ɗaya, kamar yadda ake tsarga kara, ya haɗiye don kada a gani. 'Yar ruwa ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi zarenta zai dawo gida da kansa. Tun daga ranar, in ya tsuguna sai jan sili ya biyo ƙarshen fitsarinsa, yana ta alfahari, har ya rame ya kasa tuƙa jirgi.

"Abin da aka tsargowa, shi a tsargiya," in ji Inna. "Zaren mutane na, ba mazantaka ba."

Na tambaye ta ko zaren yana ƙarewa. Ta dube ni ta ce, "Mutum ka riga shi ƙarewa."

Tsoro ya kama ni sosai. Washegari ban je ba, na sha tsokanar abokaina har damina ta wuce.

Da na girma na yi aiki a ɗakin gwajin fitsari na wani asibiti, na ga ƙwayayen tsutsar da ke jawo tsargiya da idona, na koyi cewa daga dodon koɗi take fitowa, kuma da rana tsaka ta fi yawa a ruwa. Asalin sunan kuwa, na tambayi malaman Hausa, ba wanda ya tabbatar mini da zancen Inna, ba kuma wanda ya ƙaryata. Har yau ina mamakin yadda tsohuwar da ba ta taɓa ganin tsutsar ba ta san wurin, ta san lokacin.

Wata safiya aka miƙo mini kwalba jajir. Na duba takardar, na ga sunan Sule. Yana zaune a benci, ƙafafu a kumbure, ya yi murmushi ya ce, "Ashe kai ka yi sa'a, matsoraci."