Gardamar Likita da Wakili a Kan Garba Direba

Har yau ban manta da ranar da aka kawo mana Garba Direba asibiti ba, ana gab da samun mulkin kai. Ni lokacin ƙaramin malamin asibiti ne a Bauchi, kuma ni nake yi wa likita Bature tafinta.

Garba motar En'e yake tuƙawa, wato ta hukumar gargajiya. Ya sha burkutu ya yi tatil, ya zuba motar cikin gonar dawa a Miri. Ka'idar aiki a lokacin ita ce, in likita ya ce ciwo ne, a ba mutum hutun jinya. In kuwa hali ne, a sallame shi daga aiki. Ga shi da mata da 'ya'ya.

Wakilin ma'aikata, dattijo mai zafi, shi ya rako shi. Ya ce, "Malam, gaya wa Bature wannan ba ciwo ba ne, iskanci ne. Wane ciwo ne mutum yake tafiya da ƙafarsa ya sayo?"

Likita ya ce ciwo ne mana, tunda jikinsa ya saba, in bai sha ba hannunsa rawa yake. Suka yi ta ja, ni ina tsakiya ina juya harshe. Garba kuwa ya langaɓe kai, yana nishi. "Ranka ya daɗe, likita ya fi mu sani. Ciwo ne, tun daga kakana."

Sai likita ya ce madalla, a kwantar da shi wata guda, ba fita, ba ko ɗigo, kullum safe allura. Ina fassarawa Garba ya miƙe zumbur, nishi ya ɗauke.

"Allura? Wallahi Wakili ya yi gaskiya, iskanci ne kawai!"

Wakili ya ce, "To, ajiye makullin mota."

Garba ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya koma ya zauna a hankali. "Malam, ce masa a gauraye suke, amma ciwon ya ɗan fi yawa."

Har Wakili sai da ya rufe baki da hannun riga don ɓoye dariya.

Aka kwantar da shi. A kwanakin farko na daina dariya, don na ga ƙato yana karkarwa, gumi na zuba, yana ganin ƙadangaru a bango inda babu komai. Wannan ba wasan kwaikwayo ba ne. Amma da aka sallame shi daga asibiti, ba maganinmu ne ya riƙe shi ba. Shi da kansa ya sauya hanyar komawa gida, ya rabu da abokan zamansa. Ya zame sau da dama kafin ya tsaya.

Don haka ku yaran yanzu, in an kawo muku irin Garba, kada ku ɓata lokaci wajen raɗa wa abin suna. Ku ba shi gado tukuna. Faɗan kuma ku ajiye masa, zai buƙace shi ranar da zai fita.