Unguwar da Munawara Ta Zaɓa da Kunne

Munawara ungozoma ce, haifaffiyar Salaga, jikar fataken goro, kuma irin matan nan ce da ko tumatir ba ta saya sai ta juya shi sau uku. Shekara tara ta yi tana karɓar haihuwa a Bawku, ta kuma so garin har ranta. Abin da ya raba ta da shi 'yarta ce, Sadiatu, mai shekara shida. Tun ranar da harbe-harbe suka ritsa da su a hanyar makaranta, yarinyar ta daina jure ƙara. Ko murfin tukunya ya faɗi, sai dai a lalubo ta a ƙarƙashin gado, ta toshe kunnuwa. Magana ma ta koma sai in ya zama dole.

Da aka amince mata da canjin aiki zuwa Yendi, cikin watan Agusta, ta tafi neman haya ita kaɗai. Jama'a kan tambayi famfo da wuta da nisan kasuwa. Ita kuwa kunnenta ta kai. Unguwar farko tana jikin tasha, babura sun yi yawa. Ta biyu akwai mai walda da injin niƙa. A ta uku, can bakin gari, ta zauna gindin darbejiya tun hantsi har la'asar, ba ta ji komai ba sai kukan zabi.

Faruq, dillalin da ke zagayawa da ita, ya ce, "Madam, mu je mu gaida dattawan unguwa tukuna, su gaya miki yadda wurin yake."

"Na riga na ji abin da na zo ji," in ji ta.

Kaico, mai juya tumatir sau uku! Ko kaɗan bai zo mata a rai ba cewa damina ce, duk mazan unguwa suna gona. Ba ta kuma san cewa a nan akan jinkirta babban makokin dattawa sai an kammala girbi ba.

Wata huɗu suka yi cikin jin daɗi. Sadiatu ta soma fita wasa, har waƙa take yi in ana mata wanka. Munawara ta dinga buga waya Salaga tana yabon kanta.

Wata Asabar da safe tana dama koko, sai wani harbi ya girgiza ƙasa. Ludayin ya kuɓuce mata. Kafin ta ankara na biyu ya tashi, na uku ya biyo, ta tsinci kanta kwance a tsakar gida, warin albarushi ya cika mata hanci. Ta ja jiki ta leƙa ta zaure. Abin da ta gani ya fi ƙarar gigita ta: mata na wucewa da tallansu suna hira, mai shayi na fifita wuta abinsa, ba wanda ko waiwayawa ya yi.

Ta fita ba takalmi. A ƙofar gidan da ke jikin nata, maza kusan ashirin ne tsaye da dogayen bindigogin gargajiya. A gabansu shugabansu ne, dattijon maƙwabcinta mai yawan fara'a da ake kira Mba Ayyub, wato Baba Ayyub, sanye da riga cike da layu, bakin bindigarsa na hayaƙi.

"Mba, me ke faruwa? Wa aka kashe?"

Ya yi dariya, ya amsa da Hausarsa ta kasuwa. "Kashe? A'a, Madam. Nan unguwan Kambonsi ne, mu ke harbi in ana makoki. Albarushi kawai, babu harsashi."

"Har yaushe?"

"Sai ruwa ya sauka. Makoki da yawa na jira."

Duk faɗin Yendi, ita da ƙafarta ta ɗauko 'yarta ta ajiye ta a jikin katangar shugaban maharba. Takaicin kanta ya hana ta ko kuka.

Ta koma ɗaki, ta kwanta rub da ciki, ta kutsa ƙarƙashin gado. Sadiatu na can ƙurya a dunƙule. Uwar ta zare mata hannu ɗaya daga kunne, ta ce ba faɗa ba ne. Wani tsoho ne ya rasu tun bara, a kan shimfiɗarsa, jikokinsa kewaye da shi, yau ake girmama shi.

Wata bindiga ta tashi, yarinyar ta zabura, amma ba ta mai da hannun kan kunnenta ba.

"Mma," ta ce a hankali, "a garin nan sai mutum ya mutu da kansa tukuna, sannan a yi harbin?"

Munawara ta jawo 'yarta jikinta, ta yi ta gyaɗa kai.