Ruwan da Na Hana 'Yar Farina

A ƙauyenmu, can gefen Sule Tankarkar, ba a wasa da ruwa da bazara. Rijiya ɗaya ce a lokacin, mai zurfin da sai an ɗaura wa sa igiya ya ja guga. Shekarar da 'yar farina ta dawo gida goyon ciki daga Gagarawa, inda take aure, kwana uku na yi ina tara ruwa. Na cika randa biyu da rabin durom, na rufe da faifai, na jibge itace a bayan rumbu. Duk na wankan jego ne. Na ce ko na alwala kada wanda ya ɗiba a ciki.

Tsakanina da ita akwai kunya irin ta 'yar fari. Ba na kiran sunanta, ba ma zama tabarma ɗaya. Mahaifiyata ce ta raine ta, ita ce kuma ya kamata ta zauna a kanta ranar haihuwa, sai Allah ya karɓi abarsa kafin cikin ya tsufa. Aikin ya faɗo kaina. Na aika aka kira gwaggonta, ƙanwar maigidana, don ta taya ni.

Naƙuda ta taso mata da hantsi. Ni abin da na sani game da naƙuda shi ne abin da aka yi mini: mace ba ta zama. A zaga tsakar gida, a yi daka, ɗa ya sauko. Haihuwa tara na yi a haka, babu wanda ya taɓa jin muryata, kuma ina taƙama da wannan fiye da yadda ya kamata. Na zuba gero a turmi na miƙa mata taɓarya. Ta daka. Na ce ta zaga rumbu, ta zaga. Daga rumbu zuwa garken awaki, daga garke zuwa ƙofar ɗaki, a sake komowa.

Wajen azahar ta tsaya ta dafa danga. Ba ta dube ni ba, ƙasa take kallo, ta ce, "Inna, bayana kamar zai ɓalle. Don Allah a ɗan ɗuma mini ruwa a zuba mini, ko ƙwarya biyu ce. In zauna kaɗan."

Na ce, "Ke, ruwan ɗumi kwantar da naƙuda yake yi. Yi ta tafiya."

Gwaggonta ta yi dariya ta ce, "Matar yaya, 'yar nan haihuwa za ta yi, ko kasuwar Maigatari kika aike ta da ƙafa? Ai ta kusa isa. Ki ba ta ruwan mana."

Na ce, "Ke da kika haifi biyu za ki koya mini?"

Ta ce, "Biyun ma da na haifa, ba a turmi na haife su ba."

Na yi banza da ita. Yau da nake rubuta wannan, da ɗan bokon da na koya a ajin manya, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Na yarda da maganar kwantar da naƙuda, haka na ji daga manya. Amma akwai wasu abubuwa a ƙarƙashinta. Ina tunanin randunan nan, kada matan gari su zo barka su tarar uwar maijego ba ta da ruwan wanka isasshe. Sannan in an ɗuma ruwan, wa zai zuba? Sai na shiga makewayi da ita, na ga jikinta, na sa hannuna a bayanta. Kunya ta hana ni. Da na ce gwaggonta ta yi, da an wuce wurin, amma na riga na yi gardama, ba na son in janye.

Sau uku ta roƙa. Na ukun ba ta ma ƙarasa ba, "Inna, ruwan" kawai ta ce.

Da la'asar ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta. Faya ta fashe, muka shigar da ita ɗaki ta durƙusa, aka ce ta yi nishi, babu ƙarfin nishin. Tun safe ba ta zauna ba, ban da kunu rabin ludayi babu abin da ya shiga cikinta. Idanunta suka fara lumshewa. Gwaggonta ba ta sake neman shawarata ba, ta fita ta kira maigida. Aka ɗora ta a amalanke zuwa bakin hanya, daga nan mota ta kai mu asibiti a Gumel.

Wata malamar asibiti, yarinya ce sa'ar 'yata, ta tambaye ni me ta ci, ta huta kuwa? Na ce, "Ai tun hantsi take tafiya, ban bar ta ta zauna ba." Har a lokacin ina jin kamar abin yabo na faɗa.

Ta dube ni ta ce, "Mama, tafiya tana da kyau idan mai naƙuda tana so. Ruwan ɗumi ma yana sauƙaƙa ciwon baya, ba ya hana komai. Amma ita ce ta san inda ke mata ciwo. In ta ce ta gaji, ta gaji."

Aka sa mata ƙarin ruwa a hannu. Allah ya taimaka ta haihu, mace, da ranta, uwar ma ta tsira. Muka koma gida na tarar da ruwana yana nan a rufe, ko moɗa ɗaya ba a taɓa ba. Da shi na fara, kwana arba'in ina tafasa ruwa safe da yamma da ganyen darbejiya, gwaggonta tana yi mata wanka. Matan gari suka yaba, suka ce an kula da maijego.

Daga wannan rana 'yata ba ta ƙara roƙona komai ba. Ba ta yi fushi a fili ba, ba ta daina gaishe ni ba. Takan zo da sabulu da goro, ta durƙusa ta gaishe ni. Amma ko ruwan sha ne, ina zaune a gindin randa, sai ta tashi ta zagaye ni ta ɗiba da kanta. Haihuwa biyar ta yi bayan wannan, sai dai in ji saƙon suna. Na daɗe ina ce wa kaina kunya ce. Na san ba ita ba ce.

Bara jikar nan tawa, wadda aka haifa ranar, ta kai watan haihuwa. A Gumel take aure, ni ma can nake yanzu a gidan ɗana. Da ciwo ya fara, uwarta ta kai ta asibiti, aka duba aka ce da saura, su koma gida, ta zaga in tana so, ta yi wanka da ruwan ɗumi in tana so, su dawo idan ciwon ya matso. Na same su a gida da rana. Jikar tana ganina ta riƙe ƙugu tana dariya tana cije leɓe, ta ce, "Tsohuwa, in turmi kika zo da shi, koma da abinki. Na ji labarinki."

Jikoki suna yi wa kaka wasa, na kuwa saba ramawa. Ranar ban iya ba. Ashe 'yata ba ta manta ba, har ta ba 'yarta labari. Na dubi uwar, ta sunkuyar da kai tana gyara zani.

Yarinya ta zaga tsakar gida sau biyu, ta ce bayanta. Bakina har ya buɗe zai ce ta ƙara zagaye ɗaya, na kama shi. Na shiga kicin na ɗora tukunya a gawayi, na juye jarka guda. Da ya yi ɗumi na kinkimo bokiti da kaina zuwa bayan gida. Uwar ta zaunar da ita a kujera 'yar tsugunno, tana ɗiba da kofi tana kwarara mata a ƙugu, ɗaya hannun yana shafawa. Yarinyar ta sauke numfashi ta ce, "Wash, Mama, kamar an sauke mini dutse."

Ƙwarya biyu. Abin da aka roƙe ni ke nan.

Na tsaya a bakin ƙofa na ce wa 'yata, "Ke, ranar nan, da na ba ki. Ruwan yana nan, ni ce na hana. Ki yafe mini."

Ba ta juyo ba. Ta ci gaba da zubawa har bokiti ya kusa ƙarewa. Sannan ta ce, "Ya wuce, Inna." Ban san ko har cikin zuciya ta faɗa ba, ban kuma da bakin tambaya. Na juya zan tafi, sai na ji ta ce, "Inna, ƙaro mana wani. Ki surka, kada ya yi zafi da yawa."

Na ɗauki bokitin na koma kicin. Gawayin ya kusa mutuwa, na durƙusa ina hurawa.