Takalman Gambo Kuku

Waɗanda suka san Gambo Kuku da tsufansa, yana zaune gindin durumi yana ɓare wa jikoki gyaɗa, ba sa yarda idan aka ce a ƙuruciyarsa bakinsa ya fi barkono zafi. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce, "Ai lokacin ruwan baftisma kaina kawai ya jiƙa, bai kai ciki ba."

Asalinsa ɗan ƙasar Sakkwato ne. An kama shi yana ƙarami aka sayar, ya yi ta sauya iyayengiji har Turawa suka 'yanta shi, 'yan mishan suka rene shi can kudu bakin Kwara. A can ya zama Kirista, ya koyi girki, ya auri Ladi, wadda ita ma ba ta san uwa ba, ba ta san uba ba. Turawa ba su daɗe da zama ba wani Baturen mulki ya ɗauke shi kuku, ya taho da shi Sakkwato. Ɗakin bariki ya yi wa mai iyali kaɗan, sai aka sama masa gida kusa da Ƙofar Taramniya, jikin gidan Malam Maccido mai sayar da gero.

Duk fitinar daga wasu tsofaffin takalma sau-ciki ta taso, waɗanda Baturen ya gaji da su ya ba shi. Sun yi masa yawa, sai da ya cusa tsumma. To, a Sakkwato ƙarami ba ya wuce dattawa da takalmi a ƙafa. Tun daga nesa zai tuɓe ya riƙe a hannu, ya durƙusa ya gaishe su. Gambo kuwa sai ya zo ƙwas-ƙwas ta gaban rumfar Malam Maccido, ya ɗaga hannu a goshi kamar soja, ya wuce. Da wani ya yi masa magana, ya ce, "Mu addininmu babu tuɓe takalmi." Wa ya gaya masa haka? Babu kowa. Shi dai ya ɗauka Kiristanci wando ne da cokali da takalmi, kuma duk yana da su.

A kasuwa ma haka. Ya zaɓi naman da ya fi kyau ya ce Bature ya ce, mahauci ya yi gunaguni ya sha zagi har kakanninsa.

Unguwa ba ta yi faɗa da shi ba, ta dai janye. Ba kwanon da ke shiga gidansa, ba matar da ke leƙa Ladi. Ga ta da cikin fari ya tsufa, ungozomar unguwar kuma Inna Atika ce, matar Malam Maccido. Wa zai karɓi haihuwa? Wa zai dafa ruwan jego, ya dama kunun kanwa? Ladi ta daina dariya, tsoro ya hana ta cin abinci.

Wata safiya yana ɗaure igiyar takalmi ta ce, "Maigida, wanda muke bi ya durƙusa ya wanke ƙafafun mabiyansa. Kai naka takalmin ma ya gagare ka tuɓewa. In na mutu ni kaɗai a ɗakin nan, sai ka sa su ka raka ni."

Ya ƙarasa ɗaure takalmin ya tafi bariki. Ranar ya ƙona miyar Bature. Ya zagaya bayan madafa ya durƙusa. Kullum addu'arsa ita ce Allah ya shiryi Sakkwatawa. Yau ne karon farko da ya tuna akwai wani mai bukatar shiriya, yana cikin wandonsa. Ya yi kuka sosai, ya roƙi Yesu ya ba shi wata zuciya, don wannan ta ishe shi.

Gambo ba ya yin abu da sauƙi. Maimakon ya bari rana ta yi sanyi, sai ya nufi rumfar Malam Maccido da tsakar rana, ana tsakiyar bazara. Don a ga da gaske yake, ya tuɓe takalman tun daga bakin Ƙofar Taramniya, inda ko bara ba ya tuɓewa. Ya manta ƙafar da ta shekara cikin tsumma ta yi laushi kamar ta jariri, rairayin Sakkwato kuwa ko gyaɗa ka binne sai ta soyu. Taku kaɗan ya fara tsalle. Komawa kunya, tsayawa wuta. Haka ya iso yana rawa, takalmi ɗaya a kowane hannu, ya zube a gabansu, gwiwoyin ma suka ɗauka.

Dattawa suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Malam Maccido ya share hawaye ya ce, "Kai ɗan Nasara, wa yak koro ka?"

"Baba, gafara na zo nema. Na yi muku rashin kunya."

"Hau tabarma kahin ka dahu." Da ya zauna, dattijon ya dube shi ya ce, "Tuɓe takalma ba shi da wuya, ɗana. Bakin ga naka hwa? Mu dai muna kallo."

Dattijon bai yi alkawarin komai ba. Gambo ya koma gida da bororo a tafin ƙafa da zullumi a rai.

Sabuwar zuciyar ba ta zo kamar sabuwar riga ba. Kowace safiya sai ya sake roƙo. Ya daina ambaton Bature a kasuwa, ya bi mahautan da ya zaga ɗaya bayan ɗaya ya ba su haƙuri, wasu suka zaci ya zautu. In zagi ya taso masa sai ya cije leɓe, har leɓen ya kumbura. Wata rana ya kuɓuce masa a kan jakin da ya taka shi, ya juyo ya ga Malam Maccido na kallo, sai ya ba jakin haƙuri shi ma. Ya koyi doguwar gaisuwa, ya je ta'aziyya, ya kama wa tsofaffi kaya. Abin da ya ba shi mamaki, tun yana yi don ungozoma har ya wayi gari yana yi don yana so.

Naƙuda ta kama Ladi da hantsi. Gambo ya fita a guje neman ungozoma, bai san ma me zai ce ba. A ƙofar gida ya yi karo da Inna Atika, bayanta mata da itace da tukwane.

"Kauce muna," ta ce. "Tun ɗazu munka ji ta. Ɗiyarmu ta, ba taka ba. Maza ba su shiga."

Aka kore shi daga gidansa. Ya tsaya jikin katanga har ya ji kukan jariri, guɗa ta biyo baya. Can cikin hayaniyar matan sai ya tsinci wata murya a gajiye tana dariya. Ya kasa kunne da kyau. Ladi ce.